An Ce Tiyatar Haihuwa Kyauta Ce, To Wa Zai Karɓi Haihuwar Da Dare?

'Yan uwa na Sabon Ibadan, Agege, Lokpanta da duk inda neman abinci ya kai mu. Daga Jikwoyi nake rubuto muku, kan hanyar Nyanya zuwa Karshi a Abuja. Babana fataucin shanu yake yi, ni kuma ina taya shi tun da na gama sakandare.

A watan Mayun 2025 naƙuda ta kama matar yayana wajen ƙarfe biyu na dare. Muka sa ta a keke zuwa ƙaramin asibitin da take zuwa awo, muka tarar da ƙofa a garƙame da kwaɗo. Sai asibitin kuɗi muka wuce. Allah ya sauke ta lafiya, amma sai da Baba ya karyar da maraƙi kafin aka sallame mu.

Yajin aiki ne ya rufe ƙofar. Tun watan Maris ma'aikatan ƙananan hukumomin Abuja shida, har da na lafiya, suka ajiye aiki saboda ba a biya su sabon albashi mafi ƙanƙanta na naira 70,000 da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yulin 2024 ba. Aka yi sama da wata uku ana ja-in-ja. Ka ga nan Abuja ke nan fa, ba wani ƙauye ba.

Gwamnati ta yi wani abu, gaskiya. A Nuwamban 2024 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa hali, kuma akwai shirin sake horar da ma'aikatan lafiya 120,000. Amma kafin a kai ga tiyata, ungozoma ce ke gane cewa jinin ya wuce kima, ko hawan jini na neman zama jijjiga. Ita ce ke taimaka wa jaririn da ya faɗo bai yi kuka ba ya ja numfashi a mintin farko. In ba ta nan, sabon fenti da sabon gado ba za su tsinana komai ba.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna haihuwa 43 cikin 100 ne kawai ƙwararre ke karɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata kusan 82,000 suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa a 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Ga shi hukumar rajistar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ce sama da 15,000 suka bar ƙasar a 2023 kaɗai.

Mun taɓa ganin irin wannan. A 2009, zamanin marigayi 'Yar'aduwa, an tura ungozomomi asibitocin karkara. Da jihohi da ƙananan hukumomi da yawa suka kasa biyan kasonsu na alawus, da dama suka tattara nasu ya nasu. A sana'armu ma haka ne: ka hana yaron mota haƙƙinsa, gobe ba za ka gan shi a kara ba. Horo ba tare da biya ba, horar wa Ingila da Saudiyya kawai muke yi.

Mu ma da namu laifin. A Kudu mace za ta je awo ba ta jin Yarbanci ko Turanci, ta kasa faɗin abin da ke damunta. Maigida kuma ya ce namiji ba zai duba masa iyali ba, amma ya cire 'yarsa daga makaranta tana aji uku. To wa zai zama ungozomar?

Shawarata ga sarakunan Hausawa da shugabannin kara: a ware wani abu daga kuɗin ƙungiya, kowace shekara a ɗauki nauyin yarinya ɗaya ko biyu zuwa makarantar ungozoma. Kuma duk ɗan takarar ciyaman da ya zo neman ƙuri'a a zango, a tambaye shi ma'aikata nawa ke kwana a asibitin unguwa, kuma yaushe rabonsu da albashi.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka samu.