Filin Koyon Turanci: Karin Magana Ba Ta Fassaruwa Kalma-Kalma

Da yawa daga cikin waɗanda suka yi karatun boko sukan karanta wasiƙar Ingilishi ba gargada, amma da zarar an shiga taɗi sai su ruɗe. Dalili kuwa shi ne Turanci, kamar Hausa, cike yake da maganganu masu ɓoyayyar ma'ana. In Bahaushe ya ce wane ya ci amana, ba mai tambaya ko da wace miya ya ci. To, haka abin yake ga Bature.

Alal misali, idan shugaban ofis ya ce da akawunsa "pull your socks up", ba ruwansa da safar da ke ƙafarsa. Gargaɗi ne ya yi masa, watau ya zage damtse tun aikin bai suɓuce masa ba. Idan kuwa aka ce da mai neman aiki "I am afraid there is no vacancy", mai maganar ba tsoro yake ji ba, sassauta lafazi ya yi kafin ya faɗi cewa babu gurbi. Wadda ta fi rikita jama'a ita ce "do you mind if I sit here?" Ma'anarta, ko za ka damu in na zauna nan? Amsar yarda ita ce "not at all". Wanda ya ce "yes" da nufin karramawa, ya kori baƙonsa bai sani ba.

Sanin asalin magana yana taimaka wa mai koyo ya riƙe ta. Newcastle gari ne a arewa maso gabashin Ingila wanda ya yi ɗaruruwan shekaru yana aika kwal zuwa Landan ta jiragen ruwa. Saboda haka "to carry coals to Newcastle" aikin banza ne, tamkar farke ya ɗauki goro ya kai Gwanja. Haka nan Waterloo wuri ne a ƙasar Beljiyam inda aka ci Napoleon da yaƙi a 1815, don haka wanda aka ce "he met his Waterloo", ya gamu da gamonsa ke nan.

Sa'an nan kowace magana da muhallinta. "He kicked the bucket" na nufin ya mutu, amma maganar raha ce. Wanda ya furta ta a wurin ta'aziyya ya yi abin kunya, domin a nan "he passed away" ake cewa.

Ɗalibai su lura, hukumar shirya jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1952, takan kawo irin waɗannan maganganu cikin tambayoyin Ingilishi. Dabara ita ce mai koyo ya ware littafi guda, ya rubuta duk maganar da ya ji a rediyo ko ya gani a jarida, tare da jimlar da ta zo a ciki, kana ya nemo mata takwara a Hausa. "Strike while the iron is hot" takwararta ita ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Wanda ya riƙe uku a mako, kafin shekara ta zagayo ya mallaki fiye da 150. Allah ya ba da sa'a.