Likitan Rumfar Albasa

Kwanakin baya aiki ya kai ni Ibadan, na sauka a Sabo, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916, zamanin da fataucin goro da shanu ne ke haɗa Arewa da Kurmi. Washegari da sassafe na nufi Kasuwar Shasha don in ji farashin kayan gwari daga bakin masu shi. Abin da na je nema na samu, amma na komo da wani labari dabam, wanda na ga ya kamata in shimfiɗa shi a wannan fili.

A rumfar wani dattijo dillalin albasa na iske wani saurayi zaune da littafin lissafi, yana rubuta buhunan da ake saukewa daga mota. Duk ɗan dakon da ya wuce sai ya ce, "Likita, an sauke goma," ko kuwa, "Likita, rubuta biyar." Na ɗauka laƙabi ne irin na kasuwa. Da na gaisa da dattijon sai na ce, "Baba Alhaji, wannan suna fa, ina aka samo shi?"

Ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya ce, "Ɗan nan, ai ba laƙabi ba ne. Shekara shida ya yi a ƙasar waje yana karatun likita. Takardarsa na gida cikin akwati."

Alhajin ya ce wani ɗan kamasho ne ya samo wa yaron makarantar, ya tabbatar masa da cewa ran da ya sauka daga jirgi, ran nan zai sa farar riga. Ya sayar da gona a garinsu ya biya kuɗin shekarar fari. Ana cikin haka sai rikicin watan Fabrairu na 2021 ya auku, aka ƙone rumfuna da gidaje a Shasha, tasa rumfar na ciki. Duk da haka bai bar karatun ya tsaya ba, abokan sana'a suka ranta masa. Yaro ya gama, ya komo, aka yi walima. Bayan walimar ne Alhaji ya fara jin cewa akwai wata jarrabawa a nan gida, wadda in ba a ci ta ba, ko allura ba za a yarda ɗansa ya yi wa mutum da sunan likita ba. Sau biyu ya zauna, sau biyu bai haye ba.

To, malam mai karatu, ga yadda tsarin yake, domin iyaye da yawa ba su san shi ba sai ƙafa ta riga ta shiga rami. A Nijeriya, hukumar da ke ba likitoci izinin aiki ita ce Majalisar Kula da Aikin Likitoci da Likitocin Haƙori, wadda a taƙaice ake kira MDCN, dokar da ta kafa ta kuwa ta 1963 ce. Wanda ya yi karatu a jami'ar gida da majalisar ta amince da ita, da zarar ya ci jarrabawarsa ta ƙarshe sai a rantsar da shi, a ba shi rajista ta wucin gadi. Wanda ya yi a waje kuwa, sai an tantance takardunsa tukuna, sa'an nan ya zauna jarrabawar gwaji da majalisar kan shirya, galibi sau biyu a shekara. Akwai tambayoyi a kwamfuta, akwai hotunan cututtuka da zai duba ya faɗi abin da ya gani, akwai kuma gwaji na aiki, inda zai bi tasha tasha yana nuna wa manyan likitoci yadda zai tambayi majinyaci, ya duba shi, ya gane ciwonsa.

In ya ci, shi ma rajistar wucin gadin za a ba shi. Daga nan sai aikin sanin makama na wata 12 a asibitin da aka amince da shi, ƙarƙashin ƙwararru: wata uku a sashen cututtukan manya, uku a tiyata, uku a sashen yara, uku a sashen mata da haihuwa. Ita wannan rajista wa'adinta shekara biyu ne, watau ba a son mutum ya ɗauke ta ya ajiye. Sai manyan likitocin da ya yi aiki a ƙarƙashinsu sun sa hannu cewa sun gamsu, kana ya sami cikakkiyar rajista, ya tafi bautar ƙasa in shekarunsa ba su wuce ba. Takardar da Alhaji ya adana cikin akwati matakin fari ce kurum daga cikin waɗannan matakai.

Kada a ce ɗan Alhaji ne kaɗai ya yi rashin sa'a. A ranakun 12 da 13 ga watan Yuli na 2023 an yi wannan jarrabawa a nan Ibadan ɗin, a Asibitin Koyarwa na Jami'a wanda aka buɗe a 1957, wanda kuma daga Sabo ba wata tafiya ba ce. Mutum 734 suka zauna, 205 suka ci, 529 suka faɗi. Watau cikin kowane mutum 10, fiye da 7 sun koma gida hannu rabbana. A watan Nuwamba na shekarar aka sake yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, mutum 836 suka zauna, 433 suka faɗi, fiye da rabi ke nan. Bayan kowane ɗaya daga cikin waɗannan ɗaruruwa akwai gona da aka sayar, ko shanu, ko kuwa kuɗin jama'a da wata gwamnatin jiha ta kashe.

Na tambayi saurayin me ya fi ba shi wuya. Ya ce, "Yaya, littafi na karanta, ba ƙarya. Amma a can, marasa lafiya ba sa jin Turanci, mu kuma ba mu ƙware a harshensu ba. Mukan tsaya bayan malami mu yi kallo. Har na gama ban taɓa karɓar haihuwa da hannuna ba, ban kuma taɓa ganin yaro mai zazzaɓin cizon sauro yana jijjiga ba." Wannan magana tasa ita ce gindin zancen. Likitanci sana'ar hannu ce da ido da kunne, kamar yadda ba a koyon dillanci a aji. Abin da ke cika asibitocinmu shi ne zazzaɓin cizon sauro, da ciwon sikila, da sanƙarau lokacin zafi, da tamowa, da jijjigar masu ciki, da saran maciji a karkara. Wanda ya yi shekara shida a ƙasar da ba a ganin waɗannan sai a hoto, lalle yana bukatar wanda zai kama hannunsa kafin a sakar masa ɗakin majinyata.

Saboda haka ni ban goyi bayan masu cewa a soke jarrabawar ba. Nakan ji ana cewa hassada ce ta likitocin gida, ko kuwa hanyar tara kuɗi ce. Ɗalibai da iyaye suna da haƙƙin su nemi a yi gwaji a fili, a nuna wa wanda ya faɗi inda ya gaza, a kuma sassauta kuɗi. Amma wanda ke neman a buɗe ƙofa baki ɗaya ya tuna cewa uwarsa ce, ko matarsa, za ta kwanta a kan gadon. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ba kuma mu kaɗai ke yin haka ba. Likitanmu da ya gama a Zariya ko Ibadan, in ya nufi Ingila, galibi sai ya ci jarrabawar Turanci, sa'an nan ya ci wadda ake kira PLAB mai kashi biyu, kashi na biyun ma sai ya je birnin Manchester da ƙafarsa. In Amurka ce, jarrabawarsu hawa uku ce, kuma ko ya shekara goma yana aiki a gida galibi sai ya sake horon asibiti na aƙalla shekara uku. Saudiyya tana da hukumarta da nata gwajin. Indiya, wadda mu muke tura 'ya'yanmu can, tana yi wa 'ya'yanta da suka yi karatu a waje jarrabawa in sun komo. Har ma ta ƙara da cewa tun kafin yaro ya fita sai ya ci jarrabawar shiga makarantar likitanci ta ƙasarsa. Kowace ƙasa tana tsaron ƙofar asibitinta.

Haka nan ba na cewa karatun waje aibi ne. Likitan farko da Arewa ta samu, Dokta Barau Dikko, wanda aka sa wa asibitin koyarwa na Kaduna sunansa, a Jami'ar Birmingham ta Ingila ya yi karatu. Guraben likitanci a jami'o'inmu ba su isa masu nema ba, shi ya sa jihohi irin su Kano da Jigawa da Sakkwato suka riƙa tura ɗalibai, musamman mata, zuwa Sudan da wasu ƙasashe, kuma da yawa daga cikinsu sun ci jarrabawa suna aiki. Makarantun waje akwai nagari, akwai kuma waɗanda kuɗin baƙo kawai suke so. Ɗan kamasho ba zai rarrabe maka su ba, domin la'adarsa ce a gabansa.

Akwai kuma abin da ba a shirya masa ba. Yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke ran 24 ga watan Fabrairu na 2022, ɗalibanmu suka gudo, wasu makarantu suka ci gaba da koyarwa ta intanet. A watan Yuni na shekarar majalisar likitoci ta ba da sanarwa cewa ba za ta karɓi karatun likitancin da aka yi ta intanet ba. Ran 15 ga watan Afrilu na 2023 na Sudan ya biyo baya, aka kwaso ɗalibai cikin motoci zuwa kan iyakar Masar. Wanda ya rage masa shekara guda ya wayi gari yana neman makarantar da za ta karɓe shi.

Abin takaici shi ne, duk wannan na faruwa alhali ƙasa na kukan rashin likitoci. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci tsakanin 15,000 da 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara biyar. Waɗanda suka ƙware suna fita, waɗanda suka komo kuma suna zaune a bakin ƙofa. Ga asibitocin ƙauyukanmu babu likita, ga mai digirin likita yana ƙirga albasa.

To, mene ne abin yi? Na farko, ga iyaye. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka sayar da gona, ka tuntuɓi majalisar a Abuja, ko wani likita mai rajista da ka amince da shi. Shin an yarda da wannan makaranta? Sakamakon sakandaren yaron ya cika sharaɗi? Makarantar tana da asibitin kanta, kuma ana barin baƙin ɗalibai su taɓa majinyata? Da wane harshe ake magana a ɗakin jinya? Waɗanda suka gama can kafin ɗanka, nawa ne suka ci jarrabawar gida? In ɗan kamasho ya soma kame-kame, ka riƙe kuɗinka. Ka kuma lissafa da shekara guda, ko biyu, bayan dawowa, wadda yaro zai ci daga aljihunka.

Na biyu, ga ɗalibai. Hutun ƙarshen shekara ba na yawon gaishe-gaishe ba ne kawai. Ka nemi izini a asibitin gwamnati na garinku ka riƙa bin likitoci zagaye, ka ga cututtukan da za ka yi rayuwarka kana fama da su.

Na uku, ga gwamnatocin jihohi. Bikin rakiya a filin jirgin sama yana da daɗin hoto, amma wanda ya biya kuɗin shekara shida bai kamata ya gaza a wata shida na ƙarshe ba. A shirya wa masu dawowa horo a asibitocin koyarwa kafin su zauna jarrabawa, a biya musu kuɗinta, a kuma ƙara kayan aiki da ƙwararru a manyan asibitocin jiha don su cancanci karɓar masu aikin sanin makama.

Na huɗu, ga shugabannin Hausawan Kurmi, na Sabo da na Shasha da sauran zangogi. Kun saba haɗa kuɗi in gobara ta tashi ko in an yi rasuwa. Yaran nan ma naku ne. Tsohuwar da ke zaune a Sabo, wadda ba ta jin Yarabanci sosai balle Turanci, ta san darajar ta shiga asibiti ta iske likitan da za ta gaya wa ciwonta da harshenta.

Da zan tafi, Alhaji ya rako ni bakin titi. Na ce, "Baba, yanzu me kuka yanke?" Ya ce wani likita, tsohon abokin cinikinsa, ya samo wa yaron izinin bin zagaye a wani asibiti, kullum da hantsi zai bar littafin ya tafi. Ya ƙara da cewa, "Mu 'yan gwari mun san kaya bai zama riba ba don an ɗora shi a mota. Sai ya iso, an sauke, an sayar. Ni ne na manta da haka a kan ɗana."

Allah ya ba yaron nan sa'a a zama na uku, ya kuma sa masu niyyar tura nasu su yi tambaya tun da wuri. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.