Mai A-kori-kura, Kafin Ka Sayi Birki Mai Ƙyalli

A hanyar kasuwar hatsi ta Dawanau ba a rasa ganin Hilux da bayanta ya zauna, gabanta ya ɗaga sama, buhuna sun wuce kan direba, a saman buhunan kuma ga 'yan lodi sun miƙe ƙafa. Toyota ta ƙera wannan mota ne don kayan da bai wuce kimanin tan ɗaya ba, wato buhu goma na masara mai kilo 100. A nan kuwa ninki biyu ake ɗora mata, wani lokaci har da ɗori. Ranar da mai ita ya taka birki ya ji motar na ci gaba da tafiya, sai ya nufi Ƙofar Ruwa ya ce wa mai shago, "Alhaji, a ba ni birki mai ƙarfi."

Kasuwa kuwa ba ta ƙin ciniki. Daga Ƙofar Ruwa a Kano zuwa Panteka a Kaduna, da Apo a Abuja, da Ladipo a Legas, akwai faifan birki mai huji-huji, da kalifa mai jan fenti, da fad a cikin kwali mai hoton motar tsere. Duk ana sayar da su da sunan ƙara wa birki ƙarfi.

Sayen kayan da ba na kamfanin motar ba ba laifi ba ne. Kamfanonin mota da kansu sayo yawancin kayan birkinsu suke yi daga masu ƙera shi, irin su Advics da Akebono na Japan, ko Bosch na Jamus, ko Brembo na Italiya. Fad ɗin waɗannan kamfanoni, in dai na gaske ne, ba abin rainawa ba ne, kuma sau da yawa ya fi mai tambarin Toyota sauƙi. A Turai ma akwai ƙa'idar da ake kira R90, wadda ta ce kada aikin fad ɗin da ake sayarwa a kasuwa ya kauce wa na asali da fiye da kashi 15 cikin ɗari, kuma wanda ya ci jarrabawar ana buga masa lamba mai ɗauke da 90R. Matsalar ita ce mai jabu ma ya iya buga lamba. Kwalinsa ya ma fi na gaske sheƙi, abin da ke ciki kuwa in ya ji wuta sai ya ɓare daga ƙarfensa.

To amma ko da an dace da na gaske, ba daga nan gyaran ke farawa ba.

Aikin birki shi ne mayar da gudu zafi. In nauyi ya ninka, zafin ya ninka. In gudu ya ninka, daga kilomita 60 zuwa 120 a awa, zafin sai ya ninka sau huɗu. Direban da ya sauko Hawan Kibo daga Jos da lodi cike, ƙafarsa na kan birki tun daga sama maimakon ya sauke giya, dafa faifansa yake yi. Zafin nan yana bin kalifa ya isa ga man birki, kuma a nan ne yawancin labaran "birki ya tsinke" ke samo asali. Man birki samfurin DOT 3 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, na DOT 4 kuma 230. Sai dai man birki yana shan danshin iska a hankali, kuma in ya sha, iyakar da aka gindaya wa DOT 3 tana sauka zuwa 140, ta DOT 4 zuwa 155. Da zarar ya tafasa sai tururi ya cika bututu, direba ya taka ya ji feda ta tafi ƙasa babu komai a ƙarƙashinta. Bayan haɗarin ya auku an kwashe mutane, mota ta huce, a taka a ji birki ya dawo, sai a ce ai lamarin ba na banza ba ne, da hannu a ciki.

Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a zubar da man gaba ɗaya a sa sabo duk shekara biyu. Mu kuwa ciko muka sani. Akwai motocin da tun shigowarsu ƙasar nan ba a taɓa juye man birkinsu ba, ya yi baƙi ƙirin a cikin gwangwaninsa. Ba a ma maganar direban da mai ya ƙare masa a daji ya kaɗa ruwan omo ya zuba, da niyyar in ya shiga gari zai canza, ya shiga garin kuma ya manta. Ko bakaniken da ya ga bututun taya ɗaya na yoyo ya toshe shi, ya ce wa mai mota, "Yallaɓai, uku ma sun isa." Motar da ke wannan hali, ko kalifar zinariya aka ɗaura mata, ba ta tsira ba.

Sai birkin baya, wanda kowa ya manta da shi. Yawancin Hilux da ke hanyoyinmu faifai ne a gaba, ganga a baya. In mota ba ta da kaya, gaba ke yin mafi yawan aikin. In an loda ta, nauyi ya koma baya, dole gangar ta karɓi nata kason. Tsofaffin samfura suna da wani ɗan bawul da aka haɗa da aksul ɗin baya da siririn ƙarfe, wanda ke auna yadda bayan motar ya zauna, ya ƙara wa ganga ƙarfi gwargwadon lodin. Abin takaici, mai a-kori-kura da zai fara dakon hatsi, abu na farko da yake yi shi ne zuwa wurin mai sifirin a ƙara masa ganye biyu ko uku don bayan ya daina zama. Bayan ya daina zama ɗin, bawul kuma ya ɗauka motar wayam take, ya rage wa ganga ƙarfi alhali buhu ashirin ne a kanta. Bakanike ƙalilan ne ke sake saita shi bayan wannan aiki, wasu ma cire shi suke yi su yar.

Samarin da suka sayi Hilux don ƙawa su ma suna da tasu. Manyan tayoyi suna ƙara wa birki wahala, domin duk sa'ad da faɗin zagayen taya ya ƙaru, ƙarfin da faifai ke buƙata don tsayar da ita na ƙaruwa. Faifai mai huji yana da kyan gani ta cikin wili, amma a ƙarƙashin lodi da zafi tsagewa yakan fara daga bakin hujin, a hanyar ƙauye kuma laka da yashi su cika shi. Fad na tsere sai ya ɗumama yake kamawa sosai, ga shi yaron da zai tsallaka titi da sassafe ba zai jira shi ya ɗumama ba.

Wanda ke son kashe kuɗi a inda kwalliya za ta biya kuɗin sabulu, ya fara da juye mai da cire iska, ya canza robobin bututun da suka tsattsage, a buɗe ganga a duba a saita ta. Daga nan a auna faifan gaba, domin a jikinsa an rubuta iyakar kaurin da bai kamata ya gaza ba, kuma gogewar da ake kai shi a yi masa tana ƙara cinye shi. Sannan ne za a zo kan fad, a saya a shagon da zai ba da rasit, a sa na dama da na hagu tare. Taya ma birki ce, tunda ita ke riƙe da kwalta, kuma lambobi huɗun da ke gefenta suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta. In duk wannan ya kammala, mai jan tirela ko mai yawan hawa da gangara zai iya ƙarawa da fad na manyan kaya daga kamfanin da aka sani.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana da hurumin tare motar da ta yi lodin ganganci, hukumar SON kuma aikinta ne ta hana jabun kaya shiga kasuwa. Ƙungiyar kanikawa ta NATA ita ma ya kamata ta tsawatar wa 'ya'yanta kan toshe bututu da cire bawul. Amma babu jami'in da ke tsaye a gindin mota lokacin da ake cilla buhu na goma sha biyar. Mai mota ne a wurin, shi da direbansa, kuma babu fad ko faifan da ake sayarwa a Ƙofar Ruwa da zai sauya adadin nauyin da kamfani ya rubuta wa motar. Mai a-kori-kura, kayan da suka wuce tan ɗaya a yi musu sawu biyu.