Martani: Wasan zari-ruga bai zama na ragwaye ba

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce sababbin dokokin kare 'yan wasa sun mayar da zari-ruga wasan ragwaye. Wannan magana ba ta da tushe, kuma tana da haɗari.

Ka san Steve Thompson? Yana cikin 'yan wasan Ingila da suka ci Kofin Duniya a 2003. A Disambar 2020, yana ɗan shekara 42, ya bayyana cewa likitoci sun tabbatar masa da cutar mantuwa, har ba ya iya tuna wasannin da suka ba shi kofin. Shi ma rago ne? A Faransa kuwa, matashi Nicolas Chauvin ya rasu a 2018 bayan ya karye a wuya a filin wasa.

Ƙarfin jiki ba ya kare ƙwaƙwalwa. Ana iya horar da kafaɗa da cinya, amma duk karon da aka yi da ka, ƙwaƙwalwa na bugun ƙoƙon kai daga ciki, illar kuma taruwa take yi shekara da shekaru. Shi ya sa a 2023 hukumar wasan ta Ingila ta hana kama ɗan wasa a sama da ƙasan ƙirji a wasannin da ba na ƙwararru ba. Gudu da karo da juriya duk suna nan.

Mai kallo daga kujera ba shi ke jinya ba. Rigakafi ya fi magani, Malam. Ka janye wannan magana kafin yara masu tasowa su ɗauke ta gaskiya.