Matakalar Masallaci da Haƙƙin Tsofaffi

 

Akwai wani dattijo a unguwarmu wanda tun ina ɗalibi nake ganinsa a sahun farko, dab da bayan liman, ba ya rasa sallar Asuba ko da hunturu ya yi tsanani. Shekara uku da suka wuce wasu bayin Allah suka rushe tsohon masallacinmu na ƙasa suka gina sabo na siminti, Allah Ya saka musu da alheri. To, amma magina suka ɗaga ginin don gudun ruwan damina, suka yi masa matakala bakwai ba ƙarfen dafawa, suka shimfiɗa tayil mai sulɓi har wurin alwala. Ran nan da Magariba santsi ya kwashe wannan dattijo, ya bugu a ƙugu. Ciwon ya warke bayan wata biyu, amma tsoron matakalar ya zauna masa. Da na je gaishe shi na tarar ya rame, maganarsa ta ragu, yana tambayata wa ya rasu, wa aka yi wa haihuwa. Ya ce mini, "Malam, ai ni yanzu sai dai in ji kiran salla in amsa daga nan."

Ya 'yan'uwa, tafiyar tsoho zuwa masallaci sau biyar a yini ibada ce, kuma ita ce motsa jininsa. A can yake gaisawa da sa'o'insa, a can ake gane ba shi da lafiya idan an ga gurbinsa a sahu. Likitoci sun tabbatar cewa faɗuwa da karayar ƙugu suna cikin manyan abubuwan da ke kwantar da tsofaffi, kuma zaman kaɗaici yana raunana jiki da hankali. Saboda haka wanda aka yanke shi daga jam'i an rage masa lada da lafiya gaba ɗaya.

Wani zai ce ai shari'a ta yi masa rangwame. Haka ne. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya umurci Imrana ɗan Husaini da ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Itbanu ɗan Malik, wanda ya halarci Badar, da ganinsa ya yi rauni, kuma kwarin da ke tsakaninsa da masallacin mutanensa yakan cika da ruwa, sai ya roƙi Annabi ya zo ya yi salla a gidansa don ya riƙi wurin masallaci. Annabi ya je tare da Abubakar, ya yi raka'a biyu a inda ya nuna. Amma mai karatu ya lura: abin da ya tare Itbanu ruwan sama ne, wanda ba hannun kowa a ciki. Abin da ya tare dattijonmu kuwa mu muka zuba shi da kuɗinmu. Rangwamen nasa ne, mu ba mu da rabo a cikinsa.

Dalilin da ya fi kusa da matsalarmu shi ne hadisin tsawaita salla. Wani mutum ya kai ƙara cewa yana jinkirin zuwa Asuba saboda liman yana tsawaita karatu. Abu Mas'ud ya ce bai taɓa ganin Annabi ya yi fushi cikin wa'azi kamar na ran nan ba. Ya kira masu yin haka masu kore mutane, ya umurci limamai su sassauta domin a bayansu akwai mai rauni da tsoho da mai bukata. To, idan karatun Alƙur'ani, da girman darajarsa, ya zama abin zargi sa'ad da ya hana tsoho jam'i, ina ga matakalar siminti da aka yi don ƙawa?

Alhazanmu sun ga yadda ake yi a Harami. Akwai kekuna na marasa ƙarfi, da hanyarsu ta musamman tsakanin Safa da Marwa, da matakala mai tafiya da lantarki. Wannan yana da asali, domin Ummu Salama da ta yi rashin lafiya an ba ta izini ta yi ɗawafi a kan abin hawa ta bayan mutane. Abin mamaki, alhajin da aka tura mahaifinsa a keke a Makka shi ne zai dawo gida ya gina masallacin da mahaifin ba zai iya shiga ba.

Maganar kuma ba ta tsaya ga masallaci ba. Dā kowace ƙofar gida tana da dakali, kowane dandali yana da durumi ko ceɗiya, tsoho yana tafe yana hutawa har ya isa inda za shi. Yau an sare itatuwan an yi shaguna, an haƙa kwata an bar ta ba murfi. 'Yan'uwana 'yan kasuwa, kayan da kuke bazawa a gaban shago har su ci hanyar masu tafiya da ƙafa, su ne ke tura mai sanda cikin babura. Kawar da cuta daga hanya yana cikin rassan imani, ku yi wa kanku hisabin mai ɗora ta. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, cikin littafinsa Usulus Siyasa, ya lissafa kula da kasuwanni da hanyoyi da gadoji cikin ayyukan da ke kan shugaba, kuma ma'aikacin gwamnati na yau wakili ne a wannan aiki.

Ku kuwa ma'aikata, kun fi ni sanin cewa cikin watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara mashigansu. Wa'adin ya cika a 2024. Duk da haka na sha ganin tsoho mai neman haƙƙinsa na fansho yana zaune a gindin bene yana haki, domin ofishin da zai sa hannu yana hawa na biyu. Saukar da tebur guda zuwa ƙasa ba ya bukatar kasafin kuɗi. Wanda kuma aikinsa ne duba zanen gini kafin a ba da izini, amana ce a wuyansa ya tambaya ta ina mai keke zai shiga.

Gyaran masallaci ba shi da tsada kamar yadda ake zato: ƙarfen dafawa a gefe biyu, daɓe mai kaushi a wurin alwala, mazauni mai tsawon kujera ga wanda gwiwarsa ba ta durƙuso, fitila a bakin ƙofa don Asuba da Lisha, da 'yan kujeru a gefen sahu. Sai gangara maimakon matakala, wadda masana gini suka ce kowace ƙafa ɗaya ta bisa tana son ƙafa 12 ta tsawo, in ba haka ba ta zama tudu mai haɗari.

Mun auna namu, muka tarar matakalar nan bakwai ta kai ƙafa 4, watau gangarar za ta ci ƙafa 48. Gaban masallacin ba fili, sai dai a bi da ita jikin bangon arewa. Kwamiti ya yarda, ana tara kuɗin siminti bayan sallar Juma'a, kuma dattijon ya ce a aika masa ranar da aka gama.