Kifin Bakin Kogi da Kifin Kasuwa

Yau zancen kifi za mu yi, kuma ga abin da ya kawo shi.

Kwanan baya biki ya kai ni Wudil, aka kai 'yar ƙanwata ɗakinta. Da muka juyo, sai maigida ya ce mu ɗan tsaya a bakin kogi, kusa da gada, mu ci kifi kafin mu kama hanya. Ni dai da farko na ƙi. Cikin ganuwar Kano aka haife ni, a nan na girma, kuma kun san mu ba a saba mana da cin abinci a fili ba. Amma yara suka yi ta roƙo, har na haƙura na gyara mayafi na sauka.

Wurin ba wani wuri ba ne. Rumfa ce ta zana, da benci biyu, da buta, da wata dattijuwa zaune gaban murhu da ƙaton kaskon suya. Can ƙasa ga kwale-kwale an jingine su a gaɓa, masunta suna zazzage koma. Muna kallo wani yaro ya hawo da kwarya cike da karfasa, wasu ma ba su daina motsi ba. Nan take dattijuwar ta kankare su, ta fasa ciki, ta wanke, ta barbaɗa gishiri, ta jefa cikin man gyaɗa mai zafi. Ta kwaso mana a faranti, ga yaji, ga yankakkiyar albasa. Muka fito da gurasar da muka yi guzuri tun daga Jakara, muka wanke hannu muka sa.

Wallahi 'yan'uwa, loma ɗaya na yi na san ashe ni ce kifin rijiya. Naman fari tas, yana ɓarewa sala-sala, ba ƙarni ko kaɗan. Na ce mata, "Iya, wane irin magani kike sa wa kifin nan?" Ta yi dariya ta ce, "'Yar nan, ba na sa komai sai gishiri. Kifin da ya kwana shi ke neman magani."

Wannan magana ita na taho muku da ita tsaraba.

Ku 'yan makaranta, ga ɗan karatu. Kano ba ta da teku, amma Allah bai hana mu ruwa ba. Kogin Kano da kogin Challawa su ne suka haɗu suka zama kogin da ya ratsa Wudil, wajen kilomita 40 daga birni, ya wuce Haɗeja, ya bi ta fadamun Nguru ya nufi tafkin Chadi. A kan kogin Kano aka gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta Challawa kuwa a ƙasar Ƙaraye aka gama ta a 1992. Daga irin waɗannan ruwaye ake samun karfasa da tarwaɗa da ragon ruwa da kurungu da bargi, wani lokaci har da giwan ruwa. Busasshen kifi, watau banda, tun da daɗewa ya yi suna daga Baga da sauran garuruwan bakin Chadi. Shi kuwa kifin ƙanƙara, irin su Titus, daga teku yake, a jirgin ruwa ake kawo shi, sa'an nan mota ta hawo da shi Arewa.

To, ba kowace rana za ki je Wudil ba. Yawancinmu aike muke yi, ko mu sayi na talla a ƙofar gida. Kifi kuwa ya fi nama saurin lalacewa, balle a zafin bazara. In kika yi sake, kuɗin cefane ya tafi, yara kuma su kwana suna amai da gudawa. Saboda haka ga abin da za ki duba, ki kuma koya wa wanda kike aike.

Na farko, ido. Idon sabon kifi a cike yake, garau kamar na mai rai. In ya loma ciki ya yi hazo-hazo, kifin ya daɗe.

Na biyu, ɗaga kunnensa ki leƙa ciki. In jajawur ne, madalla. In ya koma ruwan ƙasa ko toka-toka, da yauƙi mai wari, mayar masa da abinsa.

Na uku, danna jikinsa da yatsa. Sabon kifi naman zai taso nan da nan. Wanda ya kwana kuwa gurbin yatsanki zai zauna, cikinsa ya yi laushi kamar zai fashe.

Na huɗu, hanci. Sabon kifi ƙanshin ruwa yake yi. Kada mai talla ya ce miki ai kifi dama da ƙarninsa.

Tarwaɗa ita da sauƙi. Allah ya yi mata wata halitta a cikin kai wadda take shaƙar iska da ita, shi ya sa takan daɗe a waje ba ta mutu ba. Don haka ki nemi mai rai, a yanka miki a gabanki. Yauƙinta kuwa ruwan zafi ko toka ko lemon tsami suna fid da shi.

Kifin ƙanƙara lalle ki same shi da ƙarfi kamar itace. Wanda ya narke aka sāke daskarar da shi, ko ya wuni a tire cikin rana, akwai hatsari, musamman Titus. Irin wannan kifi in ya sha zafi yakan tara wani guba wanda suya ba ta kashe shi, dahuwa ba ta kashe shi. Jim kaɗan bayan an ci sai fuska ta yi ja, jiki ya kama ƙaiƙayi, kai ya yi ta sara. Kada ki ce ai zan soya shi sosai. Araha ba ta ado.

Banda kuma ki ɓalla ɗaya ki duba ciki. In kin ga gari-gari ko tsutsa ko fumfuna, bar shi. Ki kuma sansana da kyau, gama akwai marasa tsoron Allah da ke fesa masa maganin ƙwari don kada ya lalace musu. In kin ji wari irin na fiya-fiya, ko kyauta aka ba ki kada ki sa a tukunya, don wanki ba ya fid da shi duka. Mai kyau ma ki jiƙa shi a ruwan zafi da gishiri, ki wanke yashi, kāna ki zuba a miya.

Ɗanyen kifi in ya shigo gida, kada ki ce bari in gama shara tukuna. Fasa cikin nan da nan ki wanke, domin daga hanji ruɓa take farawa. In babu firji, ko ba ki amince da wuta ba, soya shi ko ki dafa a ranar.

Kakata, Allah ya ji ƙanta, ba ta yarda a ci kifi a sha nono ba, wai yana kawo kuturta. Wannan ba haka ba ne. Kuturta ƙwayar cuta ke kawo ta, wani likita mutumin Norwe mai suna Hansen ya gano ta tun 1873, kuma tana da magani a asibiti. Kada wannan tsoro ya sa ki hana yara kifi, gama yana gina jiki ƙwarai, ga mai ciki da mai shayarwa ma haka. Abin tsoro na gaskiya shi ne ƙaya. Ki zauna ki tsince wa ƙaramin yaro da hannunki. In kuwa ta maƙale a maƙogwaro, kada a yi ta tura masa lomar tuwo, a kai shi asibiti.

Saura ku 'yan mata. Ran nan na ga yara suna ta wasa a gefen ruwa, nawa ma suka fara tuɓe takalma, na tsawata musu. A irin ruwan nan mai kwanciya, da na madatsai da kududdufai, akwai wasu ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsutsar tsargiya. Tsutsar ta fata take shiga, ba ta baki ba, sai bayan makonni a ga jini a fitsari. Ba cin kifi ke kawo ta ba, shiga ruwa ne. Wadda ta ga haka kada kunya ta sa ta ɓoye, ta faɗa wa mahaifiyarta, maganin ƙwaya ne ake bayarwa. Kwale-kwale kuma in kun ga ya cika kada ku shiga. Ba mu manta da abin da ya faru a Bagwai a watan Nuwamba na 2021 ba, da jirgi ya kife a madatsar Watari, aka rasa mutum fiye da 20, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Allah ya ji ƙansu.

Da za mu tashi, Iya ta ƙunsa mini karfasa biyar in kai wa surukata, ta ɗora ɗaya gyara. Tsohuwa ta ci ta yi ta sa albarka, har tana tambaya yaushe za a sāke biki a Wudil. Ke ma in hanya ta bi da ke, roƙi maigida ku tsaya ko sau ɗaya, ki ga sabon kifi da idonki, don gani ya kori ji. Daga ranar ba mai talla da zai sāke sayar miki da kwanannen kifi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi zancen farfesun tarwaɗa da yadda ake dafa ta ba ta dagargaje ba. Ku huta lafiya.