Zinaren Saint Lucia: abin da bidiyon daƙiƙa goma bai nuna maka ba

Na tabbata ka taɓa cin karo da bidiyon nan, ko a TikTok, ko a Facebook, ko a status ɗin wani abokinka. Daren Asabar ne, 3 ga Agustan 2024, ana ruwan sama a filin Stade de France da ke Paris. Mata takwas sun jeru a wasan ƙarshe na tseren mita 100 na gasar Olamfik. Idon kowa na kan Sha'Carri Richardson ta Amurka, wadda ita ce zakarar duniya a lokacin. Bindiga na tashi sai wata yarinya mai suna Julien Alfred ta fice kamar an harba kibiya, ba wadda ta sake kamo ta. Daƙiƙa 10.72. Richardson ta biyo baya da 10.87.

Ƙasar yarinyar ita ce Saint Lucia. In ba ka taɓa jin sunan ba kafin wannan dare, kada ka ji kunya, muna da yawa. Tsibiri ne a yankin Karibiyan, faɗinsa bai fi murabba'in kilomita 617 ba, mutanensa kuma wajen dubu 180. Ƙaramar Hukumar Dala ita kaɗai, a ƙidayar 2006, ta ninka su har da ɗoriya. Sun samu 'yancin kai daga Birtaniya a 1979, suka fara zuwa Olamfik a 1996, kuma har zuwa wannan dare ko tagulla ba su taɓa ɗauka ba. Mutum huɗu kacal suka kai Paris. Bayan kwana uku Julien ta ƙara masu da azurfa a tseren mita 200.

A daren da ta ci zinaren, a fili ɗaya, Thea LaFond ta Dominica ta dira mita 15.02 a tsallen nan mai taku uku, ita ma ta kawo wa ƙasarta lambar Olamfik ta farko, kuma zinare. Mutanen Dominica ba su wuce dubu 70 da 'yan kai ba. Grenada ta tashi da tagulla biyu. A nan kusa da mu, tsibiran Cape Verde sun samu tasu lambar ta farko ta hannun ɗan dambe David de Pina.

Ka kuma san abin da muka yi da wannan labari. Mun mayar da shi bulalar dukan kanmu. Aka riƙa haɗa hoto biyu: ga tsibiri mai mutum dubu 180 da zinare, ga Najeriya mai mutum sama da miliyan 200 da 'yan wasa 88 ta dawo hannu rabbana. Aka zuba alamar dariya, aka yi zagi, aka ce ƙasar nan sai addu'a. Bayan mako guda wani sabon rikici ya ɓarke a soshiyal midiya, kowa ya koma can.

Ban ce haushin ba ya kan hanya ba. Matsalata da wannan hoto ita ce yana sa ka ɗauka abin da ya faru a Paris abin al'ajabi ne, wai Allah ne kawai ya kashe ya ba su. Duk wanda ya bi tarihin yarinyar nan zai ga cewa sau da yawa ta kusa sulluɓewa, kuma a kowane karo akwai wani takamaiman mutum da ya riƙo ta. Labarin da ya kamata ya dame ka ke nan.

An haifi Julien a 2001, ta tashi a unguwar Ciceron da ke Castries, babban birnin ƙasar. Ita da bakinta ta sha faɗa cewa a kan ciyawa ta fara gudu, ba takalmi, wani lokacin ma da kayan makaranta a jikinta. Tun tana firamare aka lura tana tsere da maza tana wuce su, har ta shiga hannun wani koci mai suna Cuthbert Modeste. A 2013 mahaifinta ya rasu, tana wajen shekara 12. Sai ta ajiye gudun gaba ɗaya.

Ka tsaya nan ka yi tunani. Yarinya 'yar talakawa, marainiya, ta ce ta daina. A wurare da yawa, har da inda kake zaune, a nan labarin yake ƙarewa. Ba wanda zai ga laifinta, ba kuma wanda zai san an yi asara. Amma kocin nan bai ƙyale ta ba, ya bi ta ya lallashe ta har ta dawo fili. Babu kyamara a wurin, babu mai laik, babu mai sharhi. In ka tambaye ni, a ranar aka fara cin zinaren Paris.

Tana shekara 14 ta bar gida ta tafi Jamaika, makarantar sakandare ta St. Catherine, ba uwa ba dangi a kusa. Me ya kai ta? Jamaika na da abin da tsibirinsu ba shi da shi: gasar makarantun sakandare da suke kira Champs, wadda ake yi tun 1910, inda yara ke gudu gaban dubban 'yan kallo. Yankin baki ɗaya kuma yana da gasar CARIFTA ta matasa, da ake yi lokacin Ista tun 1972. Yaron da ya taso a cikin wannan tsari ya saba da bindigar tashi, da agogo, da faɗuwa gaban jama'a, tun kafin ya fara aske gemu.

Daga nan ka bi matakan ɗaya bayan ɗaya. A 2017 ta ci zinaren mita 100 a gasar matasa ta ƙasashe renon Ingila a Bahamas. A 2018 ta ci azurfa a Olamfik ɗin matasa a Buenos Aires. Ta samu gurbin karatu a Jami'ar Texas, a hannun koci Edrick Floréal. A 2022 azurfa a gasar ƙasashe renon Ingila a Birmingham. A 2023, a gasar duniya ta Budapest, ta zo ta biyar a mita 100, ta huɗu a mita 200, ta koma gida ba lamba ko ɗaya. A Maris ɗin 2024 ta ci zinaren duniya na mita 60 a Glasgow. Ko bayan wannan ma ta ce nauyin tsammanin mutanen ƙasarta ya danne ta har ta so ta haƙura da sauran wasannin shekarar, kocinta ne ya janye ta daga fili na ɗan lokaci har hankalinta ya dawo. Shekara goma sha ɗaya ke nan tsakanin rasuwar mahaifinta da daren Paris. Kai kuma daƙiƙa goma ka gani.

Na san abin da wani zai rubuta a ƙasan wannan rubutu. Zai ce, malam, ai ba Saint Lucia ce ta yi aikin ba, Jamaika da Amurka ne suka horar da ita. Akwai gaskiya a ciki, ba zan ɓoye ba. Babban filin wasan ƙasar, George Odlum da ke Vieux Fort, an mayar da shi asibiti bayan gobarar da ta cinye asibitin St. Jude a 2009, kuma ya shafe sama da shekara goma a haka. Thea LaFond ma tun tana ƙarama iyayenta suka koma Amurka, a can ta girma, har koyarwa ta yi a makaranta, mijinta ne kocinta. Lokacin da ta ci zinaren, Dominica ba ta da filin tsere na zamani ko guda ɗaya. Saboda haka kada wani ya zana maka waɗannan ƙasashe kamar aljannar 'yan wasa. Su ma suna da gwamnatocin da ke tuna ɗan wasa sai ya ci, suna da 'yan siyasa masu son shiga hoto.

Amma wannan hujja ai ƙarfafa maganata take yi. Su ba su da fili, ba su da kuɗi, ba su da yawa. Abin da suka yi shi ne sun gane abin da ba za su iya ba, suka tura yarinyar inda za a iya, sannan ba su sake ta ba. Ita ma ba ta sake su ba, da tutarsu ta yi gudu. In ƙasa mutum huɗu ta kawo gasa, ba ta da sukunin mantawa da sunan ɗaya. Hausawa sun riga sun faɗa, da haihuwar yuyuyu gara ɗaya ƙwaƙƙwara.

Yanzu dubi ɗaya ɓangaren, domin akwai inda labarinmu ya haɗu da nasu kai tsaye. Wannan tsere na mita 100 da Julien ta ci, Favour Ofili ta Najeriya ta cika sharaɗin shigarsa, amma da aka je Paris babu sunanta a jerin masu gudu. Jami'ai ba su shigar da ita ba. Ta yi mita 200, ta kai wasan ƙarshe, ta zo ta shida a tseren da Julien ta ɗauki azurfa. Kafin nan, a Tokyo a 2021, an hana 'yan wasan Najeriya goma shiga fili, ba don an kama su da shan ƙwaya ba, sai don ba a yi masu adadin gwajin da doka ta tanada ba. Cikinsu akwai Annette Echikunwoke mai jifan guduma. Ta koma wakiltar Amurka, ƙasar da aka haife ta, kuma a Paris ta ci azurfa. Ka ga nan ba rashin baiwa ba ne, ba kuma rashin fili ba. Aikin takarda ne wani ya yi wa riƙon sakainar kashi, don ya san ba wanda zai tuhume shi.

Yawanmu ne ma ya sa muke yi wa asara kallon ba komai. In ɗaya ya tafi wani zai zo. Haka muke yi da 'yan wasa, haka muke yi da likitoci, haka muke yi da yaron da ya fi kowa lissafi a aji. Saint Lucia ba ta da wannan gata na almubazzaranci, wataƙila shi ya sa tsibirin ya fitar da mutum biyu masu lambar Nobel, Arthur Lewis a fannin tattalin arziki a 1979 da Derek Walcott a adabi a 1992. Kafin Julien ma akwai Levern Spencer mai tsallen sama, wadda ta kai wasan ƙarshe a Rio a 2016, ta ci zinare a gasar ƙasashe renon Ingila a 2018. Yaran tsibirin sun taso suna ganin tasu a talabijin, sun san abin mai yiwuwa ne.

To kai fa, da kake riƙe da waya, mene ne naka a ciki?

Ka tuna lokacin gasar gidaje a makarantarku. Akwai wani yaro, ko wata yarinya, da kowa ya san in dai an jeru to sai dai a yi rigimar na biyu. Ka tuna sunansa? Yana ina yanzu? Akwai wanda ya taɓa riƙe agogo ya auna gudunsa ko sau ɗaya? Ni dai na ajinmu ban san inda yake ba, kuma ban taɓa tambaya ba sai da na zauna rubuta wannan. Wayar da ke hannunka tana da agogon auna daƙiƙa, tana da kyamara. Ranar gasar makarantar unguwarku ka je, ka ɗauki yaran, ka rubuta lokacin da suka yi, ka ɗora da izinin iyayensu da malamansu. Ka nemi malamin motsa jikin, ka ambaci sunansa yadda kake ambatar kocin Arsenal ko na Madrid. A Saint Lucia, da gwamnati ta tashi karrama Julien, ta ba da hutu ranar 27 ga Satumban 2024 da sunanta, ta sa wa babban titi sunanta, ba ta manta da kocin da ya dawo da ita fili ba.

In kuma kai ne mai gudun, ko mai damben, ko mai kokawar, ka ji wannan da kyau. Ƙofar da Julien ta bi ta makaranta ce. Jami'a ba ta ɗaukar ƙafa ita kaɗai, sai da sakamakon jarrabawa. Ka riƙe karatunka. Ka adana takardar haihuwarka ta gaskiya, kada wani ya ruɗe ka da rage shekaru, domin ranar da asiri ya tonu kai za a kora, shi yana gida. Ka riƙa rubuta sakamakon duk gasar da ka shiga, da rana da wuri.

Sannan mu duka mu sauya lokacin da muke yin surutu. Mun ƙware wajen zagi bayan an dawo, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Olamfik na gaba a Los Angeles za a yi a 2028. Watanni kafin a tafi ne ya kamata a cika shafukan hukumomin wasanni da tambaya: su wa suka cancanta, an shigar da sunan kowa a wasansa, an yi masu gwajin da ake buƙata? Rabin ƙarfin da muke kashewa kan rigimar 'yan fim ya isa ya hana wani jami'i barci.

Ba na yi maka alƙawarin zinare. Ƙasashe da yawa ƙanana suna zuwa Olamfik su koma ba komai, ɗan wasansu ya yi gudu sau ɗaya a zagayen farko shi ke nan, kuma su ma sun cancanci a girmama su, ba a yi masu dariya a bidiyo ba. Saint Lucia kanta sai da ta je sau bakwai tana dawowa hannu wofi kafin na takwas ya yi kyau.

In bidiyon nan ya sake biyowa ta wayarka, ka kalla, ka ji daɗinsa, ya cancanci kallo. Amma kafin ka tura wa wani da alamar dariya, ka tuna da yarinyar nan mai shekara 12 da ta ce ta daina, da mutumin da ya ƙi yarda. A unguwarku ma akwai mai shekara 12 da ke dab da dainawa a wannan makon. Wa zai je ya dawo da shi?